Yanda Na Koyi Gane Gizo-gizo Mai Tsalle Har Na Fara Kiwonsa A Gida

Duk wanda yaga bidiyon ɗan gizo-gizon nan mai manyan idanu a TikTok ko Facebook, yana zaune akan yatsan wata baturiya yana shan ruwa a jikin auduga, tambayar farko da yake min ita ce wai a ina ake siyo shi kuma nawa ne. Wanda suke gani ɗin yawanci Phidippus regius ne, asalinsa kudu maso gabashin Amurka musamman Florida da wasu tsibiran Karibiyan, turawa ke hayayyafa shi suna siyarwa. Ni kam ban taɓa siyan ko ɗaya ba kuma bana ba kowa shawarar ya wahalar da kansa wai sai an shigo masa da shi. Danginsu ɗaya da waɗanda suke yawo a katangar gidajenmu kullum rana, dangin da masana ke kira Salticidae, an rubuta sama da jinsi 6,000 a cikinsa kuma a duk gizo-gizon duniya babu dangin da ya kai shi yawa. Namu sun saba da zafinmu da ƙudajenmu, sannan ranar da tafiya ta kama ka ko kaga ba zaka iya ba sai ka buɗe murfi ka mayar da shi inda ka ɗauko shi, baƙon Amurka kuwa ba ka da inda zaka sake shi.

Sana'ata gyaran waya ce a nan Kano, kaga kenan gilashin ƙara girma da maikroskof ɗin duba fanel kullum suna gabana. Wata rana da hantsi yaron shagona ya kife wani ɗan ƙarami da murfin roba a kan tebur yace Oga zo kaga wannan, wallahi kallona yake. Na saka shi ƙarƙashin gilashi, ai kuwa duk inda na kai yatsana sai ya juyo gaba ɗayansa ya ɗaga kai ya bini da ido. Daga nan abun ya shiga raina, amma ban fara ajiyewa nan take ba, na daɗe ina binsu da kallo a katangar tsakar gida da jikin taga da bayan tankin ruwa, kuma wannan zaman kallon shi ya fi amfanata dan a nan na san lokacin fitowarsu da inda suke kwana da abun da suke kamawa da wanda suke kauce masa.

Abu na farko da zaka duba, wanda baya ƙarya, shine ido. Idanunsa takwas ne amma huɗu ne a jere suke kallon gaba, biyu na tsakiya manya ƙwarai sun kusa cinye fuskar, sai biyu madaidaita a gefensu, sauran huɗun suna ta gefen kai zuwa baya kuma biyu daga ciki ƙanana ne sosai sai da gilashi zaka gansu. Manyan nan biyu su ne na tantance siffa da launi, na gefen motsi suke kamawa, shi yasa in ka zo ta bayansa zakaga ya yi wuf ya juyo dan ya saita maka manyan. Abun mamaki kuma idon na waje baya motsi ko kaɗan, abun da yake motsi yana can cikin kai, in ka samu ɗan ƙarami mai hasken jiki ka ƙura masa gilashi zakaga launin idon yana canzawa daga baƙi zuwa ruwan ƙasa ya sake komawa baƙi, cikin idon ne yake jujjuyawa yana ƙare maka kallo. Sai tafiyarsa, ya ɗan ruga ya tsaya ya ɗaga kai ya sake rugawa, ƙafafu gajeru masu kauri, jiki a dunƙule da gashi. Da rana yake harkarsa. Kuma baya saƙa tarkon kama ƙwari, in ka ganshi zaune a tsakiyar saƙa yana jiran abinci ya faɗo to ba shi bane.

Akwai waɗanda mutane ke rikitawa da shi. Mai dogayen ƙafafu sirara da yake rataye a kusurwar banɗaki da jikin silin, mai cika ɗaki da yana, wannan dangin Pholcidae ne, ba ma kusa ba. Wanda ya fi rikitarwa shine na ƙasa mai farautar dare a cikin ciyawa, dangin Lycosidae, in ka ɗora tocila a saitin idonka ka haska ciyawa zakaga idanunsu na ƙyalli, macen tana jan ƙunshin ƙwanta a baya in sun ƙyanƙyashe kuma ta goya 'ya'yan. Shi ma yana da manyan idanu biyu shi yasa wasu ke turo min hoto suce sun samu mai tsalle, amma nasa a sahu na biyu suke akwai ƙanana huɗu a ƙarƙashinsu. Mai tsalle manyan nasa a sahun gaba suke, babu komai a ƙarƙashinsu sai gashin fuska da baki.

Toh ka san dangi, sanin jinsi kuma wani aikin ne daban kuma hoto ne jarinka. Na siyi irin ɗan gilashin nan da ake maƙala wa kyamarar waya, kuɗinsa ba yawa. Hoto uku nake ɗauka, fuska, sama, da gefe, in sa rula a kusa dan a ga girma, kuma a inuwa mai haske dan filasha a jikin roba ɓata hoto yake. Lokacin da ya fi zama wuri ɗaya shine sanda yake riƙe da ƙuda a baki. Sai in ɗora a manhajar iNaturalist da sunan gari da kwanan wata, akwai wurin da zaka ɓoye ainihin saitin gidanka. Manhajar zata fara baka hasashenta, kar ka ɗauke shi hukunci dan hotunan da ake ɗorawa daga yankinmu kaɗan ne, sai ta kawo maka sunan wani na Amurka ko Indiya, ka jira mutanen da suka san abun su zo su duba, wani lokacin da wuri wani lokacin sai ka manta ma.

A gidanmu da shago uku ne suka fi yawa kuma duk ukun an sansu a ƙasashe masu zafi kusan ko'ina. Na farko Plexippus paykulli, shi ne babba a cikinsu wajen milimita 9 zuwa 12. Namijin ba ya ɓuya, baƙi ne da farin layi ya bi tsakiyar bayansa tun daga kai har ƙarshen ciki, da wasu fararen a gefe da gefe, da ɗigo biyu farare can wajen ƙarshe. Macen ruwan ƙasa ce da toka-toka, layin nata ya dushe, in baka sani ba zaka rantse ba jinsi ɗaya bane. Jarumi ne na gaske dan yana kama ƙwaron da ya fi shi girma, kuma shi zaka fi gani kusa da ƙwan lantarki inda ƙwari ke taruwa. Na biyu Menemerus bivittatus, ruwan toka, jikinsa a shimfiɗe yake ya manne da bango har sai ya motsa zaka lura da shi a jikin siminti, macen tana da baƙin layi biyu a gefen cikinta, namijin kuma layi ɗaya mai duhu a tsakiya. Na uku Hasarius adansoni, ƙarami ne milimita 6 zuwa 8, shi ya fi son cikin ɗaki, namijin baƙi ne da jan fuska wajen idanu da farin layi lanƙwasasshe a farkon cikinsa, ga 'yan hannuwansa na gefen baki da farin gashi yana ta kaɗa su. Shi da Plexippus wani Bafaranshe Audouin ne ya sa musu suna a 1826 daga waɗanda aka tattaro a Masar, adansoni ɗin kuma dan karrama Michel Adanson ne wanda ya yi shekaru yana binciken tsirrai da dabbobi a Senegal wajen 1750.

Gane namiji da mace yana da sauƙi in sun balaga. A gefen bakinsa akwai wasu 'yan hannuwa biyu gajeru, na namiji kansu a kumbure yake sai kace hannun ɗan dambe da aka naɗe masa, na mace sirara ne har ƙarshe. Mace ta fi girman ciki, namiji ya fi ado kuma ya fi yawo. Waɗanda basu balaga ba yawanci kamar macen suke, a nan sai haƙuri har su girma. Su masana in zasu tabbatar da jinsi al'aurar suke dubawa a maikroskof, dan akwai jinsuna da yawa a Afirka da launinsu ɗaya a ido. Wata masaniya 'yar Poland, Wanda Wesołowska, ta yi aiki sosai akan na Afirka har da na kudancin Najeriya a 2011, kuma ina fatan watarana a samu yaranmu na jami'a su yi irin wannan akan na Arewa dan muna da su jingim a gonaki da lambuna.

Kafin robar kiwon ta shiga gida sai da aka yi zama. Hajiya tace kai ɗan nan tautau zaka kawo mana cikin yara, baka ga yanda yake tayar wa mutum fata ba? Nace Hajiya ki yi haƙuri ki duba, na nuna mata hoton wani siririn ƙwaro mai ja da baƙi, Paederus, mai zuwa wajen fitila da damina, shi in aka murje shi a jiki ruwansa ne ke sa fata ta tashi ta yi ƙuna, kuma sau da yawa gizo-gizo ake ɗora wa laifin. Mai tsalle yana da dafi dan da shi yake kashe abincinsa, amma da wuya ya ciji mutum sai in an matse shi, in ma ya ciza ɗan ja ne da ƙaiƙayi. Ta yi shiru sannan tace toh ka dai san hadisin matar da ta kulle mage bata ba ta abinci ba kuma bata sake ta ba, daga ranar da ka rufe shi haƙƙinsa na wuyanka. Wannan maganar da ita nake aiki har yau, shi yasa bana tara su da yawa, iya wanda zan iya ci da shi kawai. Maiɗakina kuma sharaɗinta biyu ne, ba a kicin ba, kuma yara ba zasu buɗe ba sai ina nan.

Kamawa ba wuya, kofin roba mai haske ka kife shi a hankali ka zura takarda ta ƙasa, ko ka tara kofin a gabansa ka taɓa bayansa da gashin kaza ya faɗa da kansa. Banda yatsu, cikinsa laushi gare shi. Kuma kowane ɗaya robarsa daban dan suna cin junansu.

Gidan da nake musu robar alawa ce irin ta masu shago, mai haske, in wanke ta tas da ruwa zalla ta bushe. Dabarar da ta fi komai ita ce kife ta, murfin ya zama shine ƙasa. Dalili shi a sama yake saƙa ɗan ɗakinsa na farin zare inda yake kwana, in murfi yana sama duk buɗewa sai ka yaga masa ɗaki, amma in a kife take sai ka ɗaga robar ka goge murfin ka mayar shi yana can sama hankalinsa kwance. Ina huda ƙananan ramuka da yawa a gefe biyu masu kallon juna dan iska ta ratsa, da allura mai zafi, in na yanke taga babba sai in liƙa tsumman gyale shara-shara da aka wanke. A nan dan Allah a kula, kar a yanko gidan sauro irin wanda ake rabawa, waɗannan an jiƙa su da maganin kashe ƙwari irinsu permethrin da deltamethrin, abun da zai kashe sauro zai kashe shi. A ciki ina sa busasshen ɓawon mangwaro da 'yan ƙirare da suka sha rana sosai su kai har sama dan ya samu wurin hawa da laɓewa, ina gudun darbejiya dan ita kanta maganin ƙwari ce. A ƙasa tishu kawai, in ya yi datti in canza.

Yana son haske dan da ido yake farauta, a ɗaki mai duhu zakaga ya ƙi cin abinci. Amma haske daban rana daban, roba a cikin ranar bazara ta Kano da zafi ke wuce digiri 40 'yan mintoci sun isa su kashe shi, dan haka kusa da taga nake ajiyewa inda rana bata dukan robar kai tsaye. Sai kiyashi, su ne babban abokin gaba, da sun ji ƙanshin mataccen ƙuda zasu jero ta ramukan nan su gama da shi cikin dare, maganinsu ka ɗora robar akan wani abu a tsakiyar faranti mai ruwa kuma ka riƙa kwashe ragowar abinci.

Ruwa ba a kwano ake basu ba. Ta ƙarƙashin cikinsa yake numfashi, ɗan ruwa kaɗan ya isa ya shaƙe shi. Ɗigo ƙanana nake fesawa a jikin bango ɗaya nesa da shi da ɗakinsa, ya zo ya sha da kansa, kuma robar feshin sabuwa ce bata taɓa ganin turare ko sabulu ba.

Abinci shine inda aikin yake kuma shine inda daɗin yake. Mai rai ya fi ci. Ƙananan ina basu ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen ayaba da mangwaro, Drosophila, kiwonsu nake, in sa ɓawon ayaba a kwalba in ajiye a waje su shiga su yi ƙwai sannan in rufe da tsumma, a zafinmu cikin kwana 8 zuwa 10 sabbi sun fito, in akwai wuta sai in sa kwalbar a firij na ɗan lokaci kaɗan su yi sanyi su daina tashi in zazzage wanda nake so. Manya kuma ƙudan gida, faɗa-wuta ƙanana da nake kamawa wajen fitila, sauro, da shinge a farkon damina in ya fito, wannan kam biki ne a wajensu. Bana ɗauko ƙuda daga bola ko inda ake fesa magani. Bana basu tururuwa ko cinnaka dan suna ramawa, ƙwaron wake ya yi musu tauri, gyare kuma sai ƙarami sosai kuma ba zan barshi ya kwana a ciki ba dan in gizon ya yi barci shi zai iya cizonsa. Babba duk bayan kwana 2 ko 3 ya isa, amma ni cikinsa nake dubawa, in ya yi tim ya fi kai faɗi sosai in ɗaga masa ƙafa, in ya motse in ba shi. Namiji balagagge ba shi da ci, hankalinsa na kan neman mace, kar ka damu in ya share ƙuda.

Ka zauna ka kalli farautar ko sau ɗaya. Da ƙudan ya motsa sai ya juyo, ya tsaya cak yana auna shi, ya fara matsowa da sauri in ya kusa ya rage tafiya ya kwantar da jiki yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, sai ya danna ƙarshen cikinsa a jikin icen ya liƙa zare, sannan ya daka tsalle, idonka ba zai ga tsallen ba sai dai kaga ƙuda a bakinsa. In ya kuskure sai kaganshi yana lilo a zaren ya hawo ya sake shiri. Ƙafafun nasa ba wasu manyan tsoka gare su irin na fara ba, jinin jikinsa yake turawa da ƙarfi cikin ƙafafun baya su miƙe lokaci ɗaya su cilla shi ninkin tsawonsa sau da yawa. Na sha ganin macen Plexippus ta bar ƙuda a gabanta ta zagaya ta bayan ɓawo ta ɓullo masa ta sama, kuma wannan zagayen an san danginsu da shi musamman Portia, masu cin 'yan uwansu gizo-gizo, waɗanda akwai su a Afirka. A wajen Tafkin Victoria kuma, Kenya da Uganda, akwai Evarcha culicivora da aka sa wa suna a 2003, shi macen sauro da ta sha jini yake zaɓa musamman Anopheles mai kawo maleriya. Namu ma suna cin sauro sosai, shi yasa nake roƙon mutane su daina bugunsu da silifa a bango, amma kar wani ya ce ya samu madadin gidan sauro.

Wurin da ya fi tayar min da hankali shine saɓa, dan a nan ake yawan rasa su. Wanda bai balaga ba sai ya tuɓe tsohuwar fata sannan ya girma. Zakaga ya ƙoshi ya daina kula abinci, ya ƙara wa ɗakinsa kauri har baka ganinsa sosai, ya shige ya rufe, kwanaki wani har sati biyu. A wannan lokacin ka cire duk wani ƙwaro mai rai, kar ka buɗe masa ɗaki dan ka duba ko yana da rai, kar ka jijjiga robar. Matsalar mu a nan hunturu ce, danshin iska yana sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, in iska ta bushe haka fatar tana iya maƙale masa a ƙafa ya fito da nakasa ko ya mutu a ciki. Abun da nake yi shine in jiƙa auduga in ajiye a kan murfin ƙasa, in riƙa fesa ɗigo kullum safe a bangon da ya fi nisa, in rufe rabin ramukan gefen da iska ke bugowa da salatif, rabi kawai dan in ka toshe duka fumfuna zata fito ita ma kisa take. In ya gama zai turo tsohuwar fatar waje ta faɗo da ƙafafunta takwas cif, yarana ranar farko kuka suka fara wai ya mutu sai gashi ya leƙo. Na ɗauki fatar na kai shago na sa a maikroskof, har murfin idanun nan manya biyu suna nan garau. Bayan ya fito ruwa zaka fara ba shi, abinci sai bayan 'yan kwanaki dan bakinsa bai yi ƙwari ba tukuna. In ƙarami ya rasa ƙafa tana sake fitowa a saɓa ta gaba, amma da zarar ya balaga saɓa ta ƙare.

Maganin sauro kuwa babu sulhu tsakaninsu, na feshi, na kunnawa, fiya-fiya, duk ɗaya. Ni kuma ba zan bar yara sauro ya cije su saboda gizo-gizo ba, dan haka muka tsara, duk daren da za a fesa sai an faɗa min in kwashe robobin zuwa soro, ba zan dawo da su ba sai washegari bayan an buɗe tagogi ɗaki ya sha iska. Hannu ma in na shafa turare ko na taɓa sinadarin wanke fanel a shago sai na wanke kafin in taɓa kayansu. Da dare ina barinsu cikin duhu, a 2022 masu bincike a Jamus ƙarƙashin Daniela Rößler sun ɗauki bidiyon 'ya'yan Evarcha arcuata suna rataye da dare, ƙafafu na zillo cikin ido na motsi irin yanda ake gani a barcin da mutum ke mafarki, tun da na san haka na daina haska musu tocila ba dalili.

Wani abun da ya kamata kowa ya sani kafin ya kama babbar mace shine wataƙila ta riga ta haɗu da namiji, tana ajiye maniyyinsa a jikinta ta yi ƙwai daga baya. Haka Plexippus ɗita ta yi, cikinta ya yi girma ta saƙa ɗaki mai faɗi da kauri a kusurwar sama ta shige, da rana ta jikin robar ina hango ƙwan a dunƙule ruwan ɗorawa. Irinta tana yin 35 zuwa 60 ta zauna gadinsu sati 3 zuwa 4, da ƙyar take fitowa shan ruwa. Na rufe ramukan da tsumma dan 'ya'yan zasu iya fita ta ciki. Da suka fara watsuwa a robar na san ba zan iya raba wa kowanne gida da abinci ba, in an barsu tare kuma cin juna zasu yi, sai na kai robar bayan tankin ruwa inda na kamo uwar na buɗe na barta a inuwa suka fita da kansu, lokacin damina ce ƙananan ƙwari sun yi yawa. Na san tsaka da ƙadangare zasu ci wasu, zanzaro ma yana kama gizo-gizo ya sumar da shi ya cusa a ɗakinsa na laka dan 'ya'yansa, amma daga baya na riƙa ganin ƙanana masu layi a katangar fiye da da.

Ba su da tsawon rai, shekara ɗaya zuwa biyu, namiji ya fi saurin tafiya, gara mutum ya sani tun farko musamman in yara sun shaƙu da shi. In ya tsufa zakaga yana zamewa a jikin roba yana kasa kama ƙuda, sai in liƙa masa tsumma a bango dan ya samu abun riƙewa, in cire wa ƙudan fiffike in ajiye masa a kusa. Ɗauka a hannu kuma bana tilasta musu, in ya hau da kansa shikenan a kan tabarma nesa da taga, Menemerus ma ban cika gwadawa ba dan saurinsa ya yi yawa, wanda zai fara kiwo ina ganin Plexippus ya fi masa dan ya fi girma kuma baya ƙin abinci.

Yanzu wanda nake nema shine Myrmarachne, mai kwaikwayon tururuwa, shi a jikin bishiyoyi da ganye yake cikin tururuwan, siriri da ƙugu, yana tafiya da ƙafa shida ya ɗaga biyun gaba sama yana kaɗawa dan su zama kamar gashin kan tururuwa. Ranar Juma'a da yamma nake zuwa lambunan bayan gari in bi ganyen mangwaro ɗaya bayan ɗaya. Shi hoto kawai zan ɗauka in barshi a wurinsa dan ƙarami ne ƙwarai kuma robar alawa ba zata yi masa ba. In kaga tururuwa ita kaɗai ta juyo tana kallonka sai ka ɗan taɓa ganyen, in ta sauko da zare to shi ne.